Waƙar Ƙuruciya a Bakin Mai Gigin Tsufa

Dattijon da aka haifa a 1950 a Tamburawa ko Tsakuwa ko Kura yana da shekara 24 lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Ke nan ƙuruciyarsa ya yi ta ne a zamanin noman damina: gayya da gangar noma in ruwa ya sauka, in an yi kaka kuma a shiga bukukuwan aure da dambe da kokawa da hirar dandali har bazara. Magidancinsa kuwa ya yi shi a wani zamani dabam, bayan ruwan Tiga ya biyo magudanai ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura, aka shiga alkama da tumatir da albasa da shinkafa, rani ya koma lokacin aiki kamar damina. Yau shi da sa'o'insa, maza da mata, sun kai shekarun da gigin tsufa ke kama mutane. Masu jinyarsu kuma kusan magana ɗaya suke yi: tsoho ya manta ya ci abinci, ya manta sunan jikansa, amma da an sako Shata a rediyo sai ya riga 'yan amshi karɓa. A kan wannan abin lura nake son tsayawa, don ina ganin gidajen yankin nan suna riƙe da wani abin taimako da suka bar wa katari, alhali za su iya aiki da shi da gangan.

Sai an fara raba tsufa da ciwo. Manta inda aka ajiye carbi ko tocila kowa na yi. Abin da likitoci ke kira cutar mantuwa lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce a hankali, har mutum ya kasa tafiyar da al'amuransa: ya ɓata a hanyar masallacin unguwarsu, ya rikita raka'o'in salla, ya zargi surukarsa da satar kuɗin da shi da kansa ya cusa ƙarƙashin katifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma duk shekara ana samun ƙarin kusan miliyan 10. Cutar Alzaima ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100. A cikin sauran, wadda ta fi yawa ita ce wadda toshewar jijiyoyin jini ke haifarwa, irin wadda ke biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. A Najeriya, binciken da ya fi daɗewa shi ne wanda aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanapolis na Amurka, wanda a 1995 ya sami ciwon a kashi 2.29 cikin 100 na tsofaffin Ibadan, a baƙaƙen fatar Indiyanapolis kuwa kashi 8.24. Wani bincike da aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan kashi 3 cikin 100. Adadin na iya zama kaɗan a ido, amma jama'a na ƙaruwa, masu kai wa shekara 70 ma na ƙaruwa, kowane mutum ɗaya kuma gida guda yake ɗaurewa.

A al'adarmu tsoho a ɗakinsa yake tsufa, a hannun suruka ko 'ya mace ko jika. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli da Suratul Hajji, shi ya sa Bahaushe ke karɓarsa da haƙuri, wanda abu ne mai kyau. Illar kawai ita ce haƙurin kan zama zama-kawai, ba a neman likita, ba a neman dabara. Ko an kai tsohon Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, magungunan da ake bayarwa sassauta alamun ciwon suke yi na wani lokaci, ba sa warkar da shi. Saboda haka mafi yawan jinyar a tsakar gida take, kuma a nan ne maganar waƙa ta shigo.

Me ya sa waƙa ke tsira bayan sunaye sun gudu? Cutar Alzaima kan fara cin wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ke ciki daura da kunne, wanda aikinsa ɗaukar sabon abu ne ya adana shi. Shi ya sa abin da ya faru da safe ke riga abin da ya faru shekara 50 ɓacewa. A 2015 masana a cibiyar Max Planck da ke Laifzig a Jamus, wato Jörn-Henrik Jacobsen da abokan aikinsa, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu lafiya suna sauraron waƙoƙin da suka daɗe da sani, suka gano wuraren da ke motsawa: wasu sassa ne na gaba da tsakiya, masu alaƙa da shirya motsin jiki. Da suka duba waɗannan wurare a hotunan masu Alzaima, sai suka tarar suna cikin waɗanda ba su cika zaizayewa ba. Wato waƙar da aka daɗe da ita ta fi kama da hanyar gona da ƙafa ta saba, wadda mutum ke bi da asuba ba tare da ya tsaya tunanin kwana ba. Akwai kuma wani abu da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe da tabbatarwa: in an bar tsoho ya tuna rayuwarsa, mafi yawan abin da zai kawo daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na haihuwarsa yake fitowa.

Mu ɗora wannan a kan dattijonmu na 1950. Shekarunsa na 10 zuwa 30 su ne 1960 zuwa 1980, zamanin da rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya shigar da kalangun Mamman Shata da kotson Musa Ɗanƙwairo da kuntigin Ɗanmaraya Jos da gurmin Haruna Uji zaurukan ƙauyuka. Ga matarsa kuwa lissafin ya bambanta, kuma nan ake yawan yin kuskure. Ta ji Barmani Choge da Uwaliya Mai Amada, amma abin da ya fi zama a jikinta shi ne wanda ta rera da bakinta: waƙoƙin gaɗa a dandali, na niƙa a kan dutse, na lugude a bakin turmi, na reno, na rakiyar amarya. Yawancin waɗannan ba su shiga kaset ba. Ba za a same su a waya ba sai a bakin sa'o'inta.

To me gwaje-gwaje suka nuna? Wanda aka fi ambata shi ne na Teppo Särkämö da abokan aikinsa a Helsinki, wanda aka buga a 2014. Sun ɗauki masu ciwon mantuwa 89 da ciwon bai yi nisa ba, kowa da mai kula da shi, suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka koya musu rera tsofaffin waƙoƙin da suka sani tare, kashi ɗaya sauraro da hira a kan abin da waƙar ta tuno, kashi na uku aka bar su da kulawar da aka saba. Bayan mako 10, masu rerawa da masu sauraro duka sun fi sakin rai, sun fi sanin inda suke da lokacin da ake ciki, sun fi tuna al'amuran ƙuruciya. Masu rerawa sun ƙara da abu biyu: riƙe magana na ɗan lokaci ya inganta, masu jinyarsu kuma sun sami sauƙin nauyin da ke ransu. Kafin wannan, a 2010, wani ƙaramin gwaji a Boston ya nuna masu Alzaima sun fi gane baitocin da aka rera musu a kan waɗanda aka karanta musu kawai.

Amma wajibi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace gwaje-gwajen likitanci ne, ta tattara gwaji 22 masu mutum 1,097 a 2018. Hukuncinta shi ne jinya da kiɗa da waƙa na rage damuwa da ƙuncin rai, tana kuma rage rikicin hali gaba ɗaya, amma tasirinta a kan kaifin tunani kaɗan ne ko babu. Wani babban gwaji da aka buga a 2023, mai iyalai 432 a Ostireliya da Jamus da Nowe da Folan da Birtaniya, inda aka koya wa iyali su yi amfani da waƙa a gida, bai sami ragin rikicin hali mai ɗorewa ba bayan wata uku. Abin da na fahimta daga waɗannan duka shi ne: waƙa ba ta mayar da abin da ciwo ya riga ya cinye, ba ta kuma tsayar da shi. Abin da take yi shi ne ta samar da rabin awa ko awa guda da tsohon ke cikin natsuwa, yana magana, yana tare da mutane. Mai bincike da ke auna maki zai iya raina wannan. Matar da ta kwana uku ba barci saboda surukarta na buga ƙofa da tsakar dare ba za ta raina shi ba. Duk wanda ya zo yana tallar waƙa ko wani sauti a matsayin maganin warkewa kuwa, kuɗi yake nema.

Inda nake ganin Bahaushe ya yi sa'a shi ne ƙirar waƙarsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya fayyace yadda waƙar baka ke tsayuwa a kan gindi da ɗiya, jagora na kawo ɗa, 'yan amshi na komawa gindi. Dubi abin da wannan ke nufi ga wanda tunaninsa ya raunana. Ba a neman ya fara, farawa kuwa ita ce ta fi yi wa mai wannan ciwo wuya. Ba a neman ya riƙe doguwar magana. Wani ne zai jefo, shi kuma ya karɓa da layi ɗaya da ke dawowa kowane minti, kiɗa ko tafi na gaya masa daidai inda zai shigo. In ya ɓata a wannan zagaye, gindin zai sake zagayowa, ba wanda ya lura balle ya ji kunya. A Turai sai da masu jinya suka zauna suka tsara irin wannan. A gaɗa da amada da waƙar noma haka abin ya taso. Amfani da waƙa don dasa ilimi a ka ma tsohon abu ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta ilmantar da matan karkara ta hannun jaji da 'yan taru, mata da yawansu ba su karatu amma suka hardace suka kai ƙauyukansu.

Sai dai noman rani da injuna sun canja gidan da tsohon ke zaune a ciki. Aikin Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, an tsara kashinsa na farko a kan hekta kusan 22,000, ya kuma kawo arziki na gaske. Kura ta zama cibiyar shinkafa, kasuwar Kwanar Gafan ta zama ta tumatir. Ko a Dawakin Kudu, masu lambu a bakin kogi da injin ban ruwa suke kwana. Amma da injin niƙa ya shigo, waƙar niƙa ta fita; da injin casa ya zo, lugude ya ragu; da ƙwadagon kuɗi ya maye gurbin gayya, makaɗin noma ya rasa mai gayyatarsa. Ba ina kukan a mayar da mata kan dutsen niƙa ba ne, wahala ce Allah ya yaye. Abin lura shi ne a da tsohuwa na zaune a tabarmarta waƙoƙin ƙuruciyarta na zuwa kunnenta kullum ba da shirin kowa ba. Yanzu da hantsi maza na gona, matasan mata na turara shinkafa ko tsinkar tumatir, yara na boko da islamiyya, abin da ke tashi a waya kuma waƙoƙin fim ne da ba ta san gindinsu ba. Zaman kaɗaici da rashin ji suna cikin abubuwa 14 da kwamitin mujallar Lancet ya lissafa a 2024 cikin masu ƙara haɗarin wannan ciwo. Abin da a da yake zuwa a ɓagas, yanzu sai an ware masa lokaci.

Wa zai yi? Wannan tambaya ce da littafin Bature ba zai amsa mana ba, don kunya ce ke yanke hukunci. Ɗan fari ba zai zauna gaban mahaifiyarsa yana tafi ba, ita da ko sunansa ba ta faɗa. Suruka ma haka. Wanda al'ada ta buɗe wa ƙofa shi ne jika, saboda wasan da ke tsakaninsa da kaka. Na ga haka a wani gida da ke kusa da Kwanar Dawaki. Tsohuwar gidan, da la'asar ta yi sai ta ɗaure tsummokaranta a ɗankwali ta nufi zaure, wai za ta gida kada babanta ya yi faɗa, uban da ya rasu tun ba a haifi mai gidan ba. In aka tare ta sai kuka da zagi. Rannan jikarta, 'yar kimanin shekara 12, ta dawo daga islamiyya ta tarar ana wannan ja-in-ja, sai ta tsaya gabanta ta fara tafin gaɗa tana cewa, "Kishiya, ina za ki? Ke da kika ce kin fi ni iya gaɗa, zo mu gani." Ta jefo wata waƙa da ta tsinta a bakin tsohuwar tun da, ta kuwa karkace ta. Tsohuwa ta tsaya cak ta ce, "Ke 'yar nan, ba haka ake yi ba." Ta ajiye ƙunshin a ƙasa don hannunta ya samu tafi, ta gyara mata, ta zarce da baitoci uku da ba wanda ya taɓa ji a gidan, har da sunayen ƙawayenta na dandali. Da aka gama ba ta gane surukarta ba, kamar kullum. Amma ta zauna, ta ci tuwo, ba ta sake neman ƙunshin ba a daren.

Abu biyu ne suka yi aiki a nan, kuma na biyun ya fi muhimmanci a ganina. Na farko waƙar tata ce. Na biyu an mayar da ita mai koyarwa. Mai gigin tsufa yini yake ana gyara masa magana, ana ce masa ya manta, ana tambayarsa "wane ne wannan?" a gaban baƙi kamar ɗan makaranta. A waƙa kaɗai ya rage shi ne gwani, saura ɗalibai. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, binciken Helsinki ma ya nuna rerawa na da amfanin da sauraro bai kawo ba. Saboda haka ajiye wa tsoho waya a gefen filo ta yi ta ƙara, kowa ya kama gabansa, bai kai rabin abin da ake nufi ba.

Ga dattijai maza akwai wani shinge, na girma da na addini. Mutumin da ya shekara 40 ana ce masa Malam ko Alhaji ba zai so a gan shi yana amshin kalangu ba, akwai kuma gidajen da ba su yarda da kiɗa ba sam. Bai kamata a yi jayayya da wannan ba, tunda ba a rasa mafita. Wanda ya taso yana jin Ishiriniya a watan Mauludi, ko Imfiraji ta Aliyu Namangi, ko ƙasidun bege na zawiyyar Tijjaniyya, ko bandirin Ƙadiriyya, yana da taska mai kari da amsa-amo da maimaici, duk abin da ƙwaƙwalwa ke kamawa. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, ba kuma za a jera shi da ita ba. Amma iyalai sun san tsohon da ya daina hira yakan ɗauki surar da ya hardace a makarantar allo in an ja masa farkonta, kuma zama a yi tilawa tare da shi yana kwantar masa da hankali. Ƙa'idar dai ɗaya ce: a bi abin da mutumin yake so lokacin da yake da lafiya. Wanda ya bar sauraron kiɗa don tsoron Allah, cin amana ne a kunna masa don ya daina iya hanawa.

Akwai wuraren taka-tsantsan. Waƙa kan tono baƙin ciki kamar yadda take tono farin ciki. Waƙar rakiyar amarya na iya tuno wa tsohuwa auren dole, ta reno ta tuno 'ya'yan da ta binne. Hawaye kaɗan ba laifi, amma in fuska ta canja, numfashi ya ɗaga, a tsaya a sauya. A kashe rediyo da talabijin kafin a fara, a zauna ta gefen kunnen da ya fi ji, a sassauta gudu, minti 20 zuwa 30 ya isa. A zaɓi lokacin da rikici ya saba tasowa a riga shi, musamman tsakanin la'asar da magariba, ko gab da wanka da cin abinci. Sannan ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, ba ta jiran waƙa: zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko suga ko shanyewar jiki na iya jawo ta, asibiti ake nufa da gaggawa.

Ana iya ɗaga abin daga gida zuwa unguwa. Akwai wani tsarin motsa tunani a rukuni da Aimee Spector da abokan aikinta suka gwada a Birtaniya a 2003, zama 14 cikin mako 7, kowane zama da waƙar rukuni ake buɗe shi. An riga an daidaita shi da Afirka a gundumar Hai ta Tanzaniya da garin Lalupon kusa da Ibadan, inda aka sauya ayyukan don su dace da waɗanda ba su yi boko ba da masu raunin ji da gani, aka kuma yi amfani da kayan da ke hannu. Irin wannan ba ya buƙatar gini. Zauren mai unguwa ko ajin islamiyyar matan aure ya isa, maza daban mata daban, ma'aikacin lafiya na matakin farko na sa ido. Wanda zai shirya shi a Kura ko Bunkure dole ya duba kalandar gona, don a makonnin dashen shinkafa da yankan alkama da ɗibar tumatir ba zai sami mai rako tsoho ba. Abin da zai auna kuma kada ya tsaya ga tambayar "yau wace rana?", ya ƙirga dare nawa aka yi barci, sau nawa aka fita neman tsoho a gari, ya ci abinci ko bai ci ba, ya kuma tambayi surukar yadda take ji.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne tattarawa, kuma ɗaliban sashen Hausa na Bayero da na kwalejojin ilimi na iya ɗaukarsa a matsayin kundin kammala karatu. A zauna da matan da suka haura 65 da hankalinsu ke garau a Tamburawa da Gano da Ɗanhassan, a naɗi gaɗarsu da lugudensu da muryarsu, gari-gari, don waƙar dandalin wannan ƙauye ba lallai ta zama ta wancan ba. Kowane gida kuma ya tambayi tsohonsa tun yana iya amsawa: wace waƙa aka yi a bikinki, wane makaɗi ne ya yi muku gayya, wace ƙasida kuke yi a zawiyya? A rubuta a bayan littafin makarantar yaro ko a naɗa a waya, a tabbatar jika ɗaya aƙalla ya iya gindin biyar ko shida daga ciki.